Arabun Ba Kafin Alƙalami Ba Ne: Yadda Na Sayi Jirgin Ruwa a Riyadh

A lokacin da wannan abu ya faru ina aikin gyaran na'urori a wani asibiti a Riyadh, ina zaune da iyalina a unguwar Gubaira. Na daɗe a ƙasar, iƙamata, wato takardar izinin zamana, ba ta taɓa samun matsala ba, kuma ina jin Larabcin da zai ishe ni aiki da kasuwa. Kafin in zo nan na yi aikin injiniya a wani gidan rediyo a gida, kuma zama da masu fassarar labarai ya koya mini auna kalma kafin a furta ta. Saboda haka ina kallon kaina a matsayin mutumin da ba a yi masa wayo da baki. Wannan yarda da kai ita ce ta kusa cinye dukiyar yayana, shi ya sa na ga ya dace in rubuto wa wannan mujalla, ko wani zai tsira da abin da na koya.

Mu mutanen bakin Kogin Neja ne, a ƙasar Yawuri. Yayana ya gaji sana'ar mahaifinmu ta fito, wato tsallakar da mutane da kaya ranar kasuwa. Jirginsa na katako ya tsufa, har ta kai fasinja na zaune yaro na kwarfar ruwa a ƙarƙashin ƙafarsu. Wata rana wata tsohuwa ta ce masa ita ta biya kuɗin jirgi ne, ba kuɗin wanka ba, mutane suka yi dariya, shi kuwa bai yi ba. Ya kira ni ya ce yana son jirgin faiba, irin na roba mai ƙarfin nan, da sabon inji mai ƙarfin doki sittin. Matsalar ita ce a lokacin, bayan annobar korona, sababbin injuna sun yi wuya ko'ina. A gida sai a wanke tsohon inji, a fesa masa fenti, a sa shi a kwali a ce sabo ne. Na ce masa ya bar mini, a nan ba a irin wannan, zan saya in sa a kwantena. Ya sayar da injinsa, ya sayar da gonarsa ta fadama, ya turo mini kuɗin, ni kuma na yi alkawarin cika sauran. Kafin jirgin ya iso sai ya koma yaron jirgin wani mutum da shi yayan nawa ne ya koya wa tuƙi. Magidanci mai 'ya'ya da jikoki ya koma ana ce masa ya ɗaure igiya. Ya ce ba komai, na ɗan lokaci ne.

Da na ba abokaina labari a wurin shan shayinmu na unguwar Batha, sai da suka yi dariya har da riƙe ciki. Wani abokina, ma'aikacin jinya ɗan Kano, ya ce wai ina ruwan Riyadh da jirgin ruwa, garin da ko kwaɗo ya zo sai ya sayi ruwan gora. Amma na riga na bincika. A Sulay, cikin unguwar sito-sito da garejoji, akwai masu sayar da jiragen ruwa, domin mutanen Riyadh da yawa kan ja jirginsu da mota su tafi gaɓar teku ta gabas a ƙarshen mako. Na zaga wurare da dama, ko'ina amsar ɗaya ce, babu inji, sai dai a rubuta sunanka a layi. A ƙarshe na faɗa wani babban shago mai jirage uku a gaba, suna ƙyalli a kan tayoyinsu. Abokin nan nawa ɗan Kano ya raka ni, ya ce yana so ya ga yadda ake cinikin jirgi a kan rairayi.

Mai sayarwar wani matashi ne mai fara'a da gyararren gemu. Tun daga ƙofa ya fara kirana muhandis, wato injiniya, ya zaunar da mu, aka kawo gahawa da dabino. Ya ce jiragen da muke gani duk an saye su, amma akwai kaya a hanya, saura guda ɗaya tak da ba a kama ba, daidai tsawon da nake so, da injinsa mai doki sittin. Muna cikin magana wayarsa ta yi ƙara, ya ɗauka yana cewa wallahi ba zai iya ba, akwai wani muhandis ɗan Najeriya a gabansa, mutumin kirki, shi ya fara zuwa. Ya ajiye ya dube ni ya ce wancan mutumin zai zo da kuɗinsa bayan la'asar, kuma daga gobe farashi zai tashi. Ya faɗi kuɗin, muka yi ciniki, ya rage kaɗan. Sannan ya ce sai na ba da arabun, kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin, domin a irin wannan lokaci ba a kama jirgi da ɗan abu kaɗan. Abokina ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur, ya ce da Hausa mu je mu kwana da shawara. Na ce masa arabun ai kafin alƙalami ne, in ciniki ya faɗa a cire shi cikin kuɗi, in bai faɗa ba a mayar mini da abina. Haka na fassara kalmar a raina, kuma ban tambayi kowa ba. Na biya da kuɗin Yaya. Aka ba ni rasit da ya ce na ba da arabun, rubu'in kuɗin jirgi da inji, amma ba a rubuta ranar da za a ba ni kayan ba. Na lura da haka, na tambaya, ya dafa ƙirjinsa ya ce tsakaninmu ai ba sai da takarda ba.

Daga nan sai aka shiga bukura insha Allahu, wato gobe in Allah ya so. Yau a ce jirgin dakon kaya ya maƙale, gobe a ce kwastan, jibi a ce inji ya iso amma gangar jirgin ba ta iso ba. Ana cikin haka ya kira ni ya ce kamfani ya sa doka, ba a sayar da jirgi sai tare da tirelar da ake jansa da mota. Na ce masa jirgin nan kogi za shi, a bakin ruwa zai kwana, ba ya buƙatar taya. Ya ce shi ma ya sani, amma doka ce, kuma in ban karɓa ba zai zama kamar na canza ciniki. Na karɓa. Bayan haka ya zo da maganar na'urar gano kifi da rumfar fata da wani mai da ake shafa wa jirgi don ya yi sheƙi. Waɗannan kam na ƙi. Yaya kuwa duk Juma'a sai ya kira. Ba ya taɓa tambayar jirgi kai tsaye. Sai ya ce ya aiki, ya yara, sannan ya ce ruwa ya fara ƙaruwa, damina ta kusa. Wata rana matarsa ta karɓi wayar ta ce mini a bakin kogi an fara kiransa mai jirgin Makka, in ya wuce sai a tambaye shi ko jirgin nasa ya tsaya ɗawafi ne. 

Wata Asabar na je shagon ba tare da na yi waya ba, sai na tarar da sabon jirgi a cikin sito, fari mai ratsin shuɗi, tsawonsa daidai nawa, injinsa a gefe cikin akwatin katako. Da mai sayarwar ya gan ni, fara'arsa ta ɗan yi jinkiri kafin ta fito. Ya ce e, kaya sun iso, amma farashi ya canza, duniya gaba ɗaya ta canza, sai na ƙara kusan rabin abin da muka yi ciniki. In kuma ba zan iya ba, akwai inji mai doki arba'in da zai haɗa mini a tsohon farashi. Inji mai doki arba'in ba zai ja jirgin da ke cike da mutane da buhunan shinkafa a kan ruwan damina ba, wannan ko ni da na bar kogi tun ina saurayi na sani. Raina ya ɓaci, na ɗaga murya. Shi kuwa sai ya ƙara sanyaya tasa. Ya ce habibi, wato masoyi, kada in wahalar da kaina, shi ba ya son ganin ɓacin raina. In na gaji, in ce khalas kawai a rufe maganar, kowa ya huta. Khalas kalma ce da muke faɗa sau da yawa a rana a nan, ma'anarta shi ke nan, an gama. Ya ce ba sai yanzu ba, in je gida in huce, in turo masa a waya, a rubuce ko da murya, in ce khalas, ba na so.

Na shiga mota da niyyar yin haka. A lissafina zan karɓi kuɗin Yaya in nemi wani shagon. Har na danna wayar na fara sallama, sai wani abu ya tsaya mini a rai, na goge. Mutumin nan tun da muka haɗu bai taɓa yarda ya rubuta komai ba. Ranar ba da kaya bai rubuta ba, dokar tirela bai nuna mini a takarda ba, sabon farashi ma da baki ya faɗa. Me ya sa wannan kalma ɗaya ce kawai yake so a rubuce, kuma daga bakina? Da na isa gida na faɗa wa mai ɗakina. Ta ce ita ba ta san cinikin jirgi ba, amma duk wanda ya ce ka je ka huce sannan ka yi magana, ya riga ya zaɓa maka abin da za ka faɗa.

A masallacin unguwarmu akwai wani ɗan Nijar da ke karatun digiri na uku a fannin fiƙihu, mutum mai barkwanci. Bayan sallar la'asar na ja shi gefe na kwashe labari na faɗa masa. Ya tambaye ni sau biyu ko na riga na tura saƙon. Da na ce a'a, sai ya ce Injiniya, ka je ka yi sadaka. Ya bayyana mini cewa arabun ba kafin alƙalami ba ne. Mu da muka tashi a kan mazhabar Malikiyya, malamanmu ba su yarda mai kaya ya riƙe kuɗin mutum don ciniki ya ɓaci ba, shi ya sa a jininmu yake cewa in an fasa kowa ya karɓi nasa. A nan kuwa malamansu sun halatta cinikin arabun, kuma ƙa'idarsa ita ce in mai saye ne ya fasa, kuɗin ya zama na mai kaya. In kuwa mai kaya ne ya kasa cika ciniki, dole ya mayar. Ya ce ashe ka ga duk wannan jan rai da ƙarin kuɗi da ƙaramin inji, ba don ka ƙara kuɗin ake yi ba, so ake ka gaji ka fasa da bakinka, a ci arabun ɗinka, a sayar wa wani jirgin da tsada. Ya yi dariya ya ce Bahaushe da saurin cewa a bar shi, Allah ya sa haka ya fi alheri, to a Sulay wannan addu'ar kuɗi ake biya a kanta.  Gonar Yaya da injinsa, saura ƙiris in sallamar da su da kalmar da nake faɗa wa yara in sun dame ni da surutu.

Na tambaye shi mafita. Ya ce akwai hukumar da ake kai ƙarar 'yan kasuwa, kuma tana aiki, amma kafin nan in riƙe abu ɗaya, kada in fasa, kada in faɗi abin da ya yi kama da fasawa, ko da wasa. Sai na tsara abina. Na tura wa mai sayarwar saƙo cikin ladabi cewa ina son jirgina da injinsa mai doki sittin a kan cinikin da muka yi, cikon kuɗina a shirye yake, ina jira. Daga nan duk ranar da ba ni da aiki, da an buɗe shago bayan la'asar, sai in je in yi sallama in zauna a kujerar baƙi. Ban yi faɗa ba, ban ɗaga murya ba. In ya ce muhandis, yaya dai, sai in ce lafiya lau, jirgina na zo dubawa. In miƙe in je in shafa shi, in dawo in zauna. Da farko ya ɗauki abin wasa, har yana cewa a kawo wa mai gadin jirgi gahawa. Daga baya gahawar ta daina zuwa, sai na fara tafiya da shayina a fulas. Ya gwada ni ta kowace hanya. Ya ce ai ni babban mutum ne, bai dace a gan ni ina zaman jira kamar mai neman aiki ba. Na ce masa yayana da ya girme ni yana can yana ɗaure igiyar jirgin wani, zaman kujera ba zai kashe ni ba. Wata rana muna sallama ya miƙo hannu ya ce to khalas ko, muhandis, kamar dai sallamar ce kawai. Na riƙe hannunsa na ce a'a, sai dai sai gobe. Abokina ɗan Kano da ya raka ni ranar ya ce wallahi tun da yake bai taɓa ganin mutum yana tsoron kalma kamar maciji ba.

Abin da ban shirya ba shi ne masu saye. Duk wanda ya shigo ya gan ni zaune da fulas sai ya tambaya ko a nan nake aiki. Ni kuma ba na ƙari, ba na ragi. Sai in ce a'a, na ba da arabun ne tun kafin zafi ya shigo, ga jirgina can, ina jira a ba ni. Sai su juya su dubi mai sayarwar. Wani dattijo da ya zo da 'ya'yansa, har ya fito da katin banki, ya mayar da shi aljihu ya ce zai yi shawara. Ranar ce na ga fara'ar mai sayarwar ta ɗauke gaba ɗaya.

Ba a daɗe ba sai ga mai shagon da kansa, wanda ban taɓa gani ba, wani dattijo ɗan ƙasa mai magana a hankali. Ina jin labari ne ya kai masa. Ya zauna kusa da ni, ya sa aka kawo gahawa, ya tambayi ƙasata da aikina, sannan ya ce in faɗa masa abin da ke tafe da ni. Na faɗa masa a taƙaice, ban zagi kowa ba. Ya juya ga yaron nasa ya yi masa tambaya ɗaya, ko na taɓa cewa na fasa. Yaron ya ce a'a, amma ai ba a rubuta farashi ba, kuma kasuwa ta tashi. Nan na miƙa rasit na ce gaskiya ne ba a rubuta farashi ba, amma an rubuta cewa abin da na bayar rubu'in kuɗin ne, kuma shi ne ya nace sai rubu'i. In an ninka shi sau huɗu, ga farashi nan. Na ƙara da cewa ban kai ƙara ko'ina ba tukuna, domin na fi son a gama a nan. Dattijon ya daɗe yana kallon takardar. Ba zan ce tausayina ya ji ba, ina ganin lissafi ya yi, ya auna ribar jirgi ɗaya da sunan shagonsa. Ya ce mutumin da bai fasa ba, ba a fasa masa. Ya ce a ɗaura injin, in kawo cikon kuɗi. Da zan fita ya yi murmushi ya ce yanzu fa sai in ce khalas. Na ce sai na ga jirgin a cikin kwantena.

Haka kuwa aka yi. Wani mai jigilar kaya a Batha ya haɗa shi da kayan wasu, da rigunan kariya daga nutsewa da na saya da kuɗin da na hana na'urar gano kifi. Tirelar nan da aka ɗora mini dole ban samu mai saye ba, ita ma ta bi. Jirgin ya isa garinmu ruwa ya riga ya cika, an yi asarar farkon damina, wannan kuwa laifina ne. Amma ya isa. Matar Yaya ta turo mini hoton ranar da aka sa shi a ruwa, bakin kogi cike da mutane, har da masu tambayar ɗawafi, suna layin shiga. Tirelar ma ba ta yi zaman banza ba, an yi mata katako ana ɗaukar buhuna da ita daga bakin ruwa zuwa kasuwa. Sai bayan komai ya lafa na faɗa wa Yaya yadda gonarsa ta kusa tafiya a kan kalma ɗaya. Ya ce ƙanena, ashe kai ma igiya ka ɗaure a can.

Abin da na koya shi ne, kalmar da ka fassara da kanka ba tare da tambaya ba ta fi wadda ba ka sani ba haɗari, domin wadda ba ka sani ba za ka tsaya ka tambaya. 'Yan uwana mazauna ƙasar nan, ko jirgi ne, ko mota, ko hayar gida, in an ce ku ba da arabun ku sani ba ajiya kuka bayar ba. Kada ku biya sai an rubuta farashi, da irin kayan, da ranar bayarwa, da abin da zai faru in ranar ta wuce. In kaya sun yi wuya, za a ce muku saura ɗaya, za a ce wani na hanya, za a ce gobe farashi zai tashi. Ku tafi gida ku kwana, abin da ba zai jira ku kwana ɗaya ba, ba rabonku ba ne. In kuma kun riga kun biya, aka fara ja muku rai, ku kiyayi halinmu na cewa a bar shi. Haƙurin da muka iya na barin abu ne, akwai kuma haƙurin zama a kan abu, shi ne ya fisshe ni.

Da na je hutu na shiga jirgin na tsallaka da Yaya, shi a kan inji, ni a cikin fasinja. A garinmu kowane jirgi da abin da ake rubuta masa a gefe, wani addu'a, wani habaici. Ban ba shi shawara ba, bai kuma faɗa mini ba, sai da na sauka na waiwaya na gani. Da jan fenti, a kan ratsin shuɗin nan, ya sa an rubuta BAN FASA BA.